Abin da Ɗakin Feshi Ya Yi wa Malam Lawali

Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgin Dubai ba shi ne wanda muka yi ta magana da shi a waya tun ina Biliri ba. Wancan murya gare shi mai sanyi, kowace jimla sai ya ce mini "ɗan'uwa". Wannan kuwa ko gaisuwata bai amsa ba. Ya karɓi fasfo ɗina ya cusa a aljihun baya, ya ce "Yalla," wato mu tafi, ya yi gaba abinsa. Na bi shi riƙe da jakata da takardar shaidar koyon aikin lantarki, wadda na sa aka manne mini cikin leda don kada ta lalace. Wahalar banza na sha a kan takardar nan, domin har na baro ƙasar ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa.

Unguwar Karama ce zangona na farko. Ɗaki ɗaya a hawa na uku, gadajen ƙarfe wani bisa wani, kowa ya rataya zani ya killace nasa. Aikin otal ɗin da aka yi mini alkawari kullum yana nan "bukra, inshallah", wato gobe, ita kuma goben ta ƙi wayewa. Da na ga zama ba zai fisshe ni ba sai na shiga bin shaguna da ƙafa. Wani mai sayar da kayan lantarki ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shi ba shi da matsala da ni, amma masu gidajen da yake yi wa aiki ba za su so baƙin mutum ya shiga musu ɗakin kwana ba. Da murmushi ya faɗa, har ya miƙo mini ruwan sanyi. Na shanye ruwan tas, don ƙishirwa ba ta bar mini wurin yin fushi ba.

A unguwar Satwa na haɗu da Malam Lawali. Wata Juma'a ce da la'asar, ina yawon rashin abin yi a bayan shagunan teloli, sai kunnena ya tsinkayo Hausa. Na bi muryar na iske mutane sun yi da'ira a inuwar wani bene, an zana gidajen dara a kan kwali, gefe ɗaya da murafan kwalba, ɗaya gefen da ƙwallayen dabino. Wani siririn mutum mai tabarau ya juya wa kwalin baya yana cin burodi, yana faɗin inda za a tura masa 'ya'yansa ba tare da ya waiwaya ba. Kuma shi ne yake ci. Abokin wasansa, wani ƙato ɗan Agadas, sai zufa yake yi yana rantsuwa cewa akwai madubi a wani wuri.

Da aka tashi wasan, mai tabarau ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Najeriya ne, na gani ga tahiyarka. Ku kuna tahiya kamar ƙasar ta kakanku ce."

Na ce, "Ku kuma kuna zama kamar an ba ku aron ta."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya gutsuro mini burodinsa. Na gaya masa sunana Luka, na jira in ga ko fuskarsa za ta canza kamar yadda na saba gani a wasu wuraren. Abin da ya ce kawai shi ne, "To Luka, ka ci abinci yau?"

Shi ne Malam Lawali, malamin lissafi daga Tasawa ta Nijar. Ya koyar a makarantar sakandare har gwamnatinsu ta gajiyar da shi da jiran albashi, ya fito da niyyar ya yi 'yan shekaru ya koma ya ƙarasa jami'a. Ya bar mata da yara, ƙaramarsu ko yaye ba a yi ba. Ban taɓa zama da mutum mai kai irin nasa ba. Lambar waya sau ɗaya ake faɗa masa. Ya zo ba ya jin komai sai Hausa da Faransanci, amma lokacin da na san shi yana ciniki da Larabci, yana tsokanar masu shayi da Urdu, har 'yan Kerala ta Indiya yakan jefa wa kalma su yi ta ƙyalƙyala dariya. In na yaba masa sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ni ba ni da gona, ba ni da shanu. Wannan kaɗai na gada."

Shi ya ji labarin wani kamfanin kayan ɗaki a unguwar masana'antu ta Alƙuz, wai suna ɗaukar 'yan Afirka ba wani dogon bincike. Muka tafi tare, muna murna an samu masu son mu.

A kamfanin nan, in kana son sanin darajar mutum ba sai ka tambayi albashinsa ba, ka je ka shaƙi iskar da yake shaƙa. Gaba wajen titi nan ne ɗakin nuna kaya da ofisoshi, sanyi kamar cikin firji, ƙanshin turaren itace, har da wata na'ura a kusurwa mai tace iska. Turawa da Larabawa ke wurin, da 'yan matan Filifin masu tarbar baƙi. Tsakiya babban zauren injuna ne na kafintoci, Indiyawa da 'yan Pakistan, akwai ƙurar katako amma manyan ƙofofi a buɗe suke. Can ƙarshe kuma, bayan an wuce ma'ajiyar fenti, akwai ɗakin feshi. Kwano sama, kwano gefe, ba taga, sai fanka guda a bango mai zuƙe iska waje. Nan ake fesa wa kujeru da ƙofofi fenti da man sheƙi. Kafin ka kai ƙofar warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya riga ya daki ƙwaƙwalwarka. Duk wanda ke cikin ɗakin nan baƙi ne wuluk kamar ni: 'yan Uganda, wani ɗan Kamaru, wani ɗan Ghana.

Shugaban ma'aikata, wanda kowa ke kira Usta, shi ya raba mana aiki. Ni da ya ji na iya lantarki sai ya sa ni cikin masu fita gidajen mutane haɗa fitilun kabad. Malam Lawali ya soma bayanin cewa ya iya lissafi, zai iya awo ko aikin ma'aji. Usta bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya dunƙule hannu ya bubbuga masa ƙirji kamar mai duba kankana, ya ce da gurɓataccen Turancinsa, "African strong, habibi. Ɗan Filifin in na sa shi ciki kwana biyu ya faɗi. Ɗan Indiya sati guda sai tari. Ku kuwa ƙirjinku ƙarfe ne. Mafi mushkila," wato ba matsala.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne daɗin da muka ji. Bayan watannin da muka yi ana kallonmu kamar datti, ga wani ya ce mun fi kowa. Muka fito baki har kunne, Malam yana kwaikwayon muryar Usta yana buga mini ƙirji.

Ga kuma madara. Kullum da azahar ana kawo wa 'yan ɗakin feshi ƙaramin kwalin madara mai sanyi, su kaɗai, ko kafintoci ba a ba su. Ni da bakina na tabbatar wa Malam cewa haka ake yi, don na taso ina ganin masu fentin mota a Gombe suna shan madara bayan aiki, kowa ya san tana wanke ƙirji. Ɗan Ghana ya ce a Kumasi ma haka ne. 'Yan Uganda suka ce a wurinsu ma. Da yake kowa ya zo da wannan sani daga gidansu, ba wanda ya yi tantama. Malam yakan ɗaga kwalin sama ya ce, "Shekara nawa ina yi wa gwamnatinmu aiki, ko ruwan bunu ba ta taɓa ba ni ba. Dubi nan!" Abin rufe hanci kuwa, tsohuwar singileti ce kowa ke ɗaurawa.

Ba da daɗewa ba kamfanin ya ce zai ba mu masauki don ya hutar da mu wahalar mota. 'Yan ofis ana ba su kuɗin haya su zauna unguwar Nahda ko inda suka ga dama. Kafintoci suna da sansaninsu, motar bas ke kawo su. Mu baƙaƙe aka haɗa mana ɗaki da falanki a saman ma'ajiyar fenti. Tagarmu guda, tana kallon hanyar da manyan motocin siminti ke bi ba dare ba rana. In ka buɗe, hayaƙin gas da farar ƙura su cika ɗakin. In ka rufe, warin tina ya taso ta tsakanin katakan ƙasa. Burodin da ya kwana a ɗakin ɗanɗanon fenti yake yi. Ni dai ina fita gari da safe in shaƙi wata iskar, Malam kuwa daga ɗakin feshi sai saman ɗakin feshi.

Akwai takunkumi na gaske a kamfanin, irin mai gwangwanaye biyu a gefen baki. Suna kulle a ma'aji. Ranar da masu duba lafiyar wurin aiki za su zo, tun da safe ake rarraba su, a share ɗakin, a buɗe ƙofar baya. Suna fita a bi kowa a karɓe. Sai kuma in Baturiyar da ke zana kayan za ta shigo duba launi, ita ma a ɗaura mata guda, ta yi ɗan tsayuwarta tana nuni da yatsa, ta fita da sauri tana fifita da hannu. Malam ya taɓa tambayar Usta cikin ladabi, in abin nan ba ya cutarwa me ya sa ake sa wa Madam? Usta ya ce, "Madam jikinta ba irin naku ba ne." Ya ce gwangwanayen tsada gare su, kuma ai ana ba su madara.

Ma'ajin, wani dattijo ɗan Kerala mai suna Rajan, ya ji wannan magana. Washegari ya kira Malam gefe ya tura masa wani tsohon takunkumi cikin leda, ya ɗora yatsa a leɓe. Bai yi sati da shi ba Usta ya gani, ya fizge daga fuskarsa har igiyar ta yanke masa kunne. Ya ce in ɗaya ya sa, gobe duka za su ce suna so. Rajan bai sake haɗa ido da mu ba na tsawon lokaci, amma duk sanda ya dafa shayi sai ya aiko mana da kofi biyu.

A shekara ta biyu fankar bango ta ƙone. Ni na duba ta, na je na gaya wa Mudir, wato manajan, cewa sai an sayi sabon inji. Yana kallon wayarsa ya ce, "Shwaiya shwaiya," wato sannu-sannu, ya tura ni in duba na'urar sanyaya ofishinsa da ke ɗan ƙara. Aka yi watanni ana feshi ba fanka. In an buɗe ƙofar ɗakin sai ka ga hazo fari, mutane suna motsi a ciki kamar inuwa. Da aka tashi gyarawa, ba don su aka gyara ba. Wani mai sayen kaya ne ya yi ƙorafin wari a wurin ajiye motoci, nan da nan aka kawo sabuwar fanka, aka kuma karkatar da bututunta baya. Bakin bututun ya zo daidai ƙarƙashin tagarmu.

Ciwon kai ne ya fara zuwa, kuma duk muna yi, sai muka ɗora wa zafin ƙasar. Daga nan Malam ya fara tambayata abu ɗaya sau biyu, sau uku. Ya fara neman tabaransa alhali suna fuskarsa. Muka mayar da abin wasa, ina ce masa tsufa ne ya zo ba sallama. Wata Juma'a a Satwa ya juya wa kwalin dara baya kamar kullum, ya yi tafiya biyu ko uku, sai ya yi shiru. Muka jira. Ya ce, "Ina na aje na gefen hagu?" Aka gaya masa. Sai ya juyo a hankali ya fuskanci kwalin. Ko da idonsa a kai, ƙaton nan ɗan Agadas ya cinye shi. Wurin ya kaure da sowa, mutumin ya tashi yana rawa, shekara biyu yana jiran wannan rana. Malam ma ya yi dariya tare da su, amma a mota muna komawa na ga hannunsa yana karkarwa a kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan.

Daga nan abin ya yi ta gangarawa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya jefi ɗan Kamaru da kwano a kan cokali, bayan ɗan lokaci kuma ya zauna yana kuka bai san me ya faru ba. Urdun da Larabcin suka zube. Yana cikin magana sai kalma ta ɓace masa, ya tsaya baki buɗe yana murza yatsu. Wata rana ya fita sayen katin waya a shagon da ke bayanmu, sai 'yan sanda ne suka kira ni daga wata unguwa can nesa. Matarsa, Hadiza, ta nemi lambata ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Malam Luka, don Allah ka gaya mini, ko ya yi wani aure ne can? Jiya ya tambaye ni sunan ɗiyarsa."

Zango na gaba Nahda ne, gidan Alhaji Idi, wani ɗan kasuwa mai harkar kago, wato aika kaya gida, wanda 'yan Nijar suka ɗauka uba. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya zaunar da Malam, ya kalle shi da kyau, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ya ce mutum mai kai irin wannan dole ya tara mahassada a gida, jifa ce aka yi masa, ko kuma iska ce ta wurin aikin, don irin waɗannan unguwanni da can kufai ne. Kowa a falon ya gyaɗa kai. Ni ma a cocinmu abin da aka ce ke nan, har an ba ni ɗan man addu'a in shafa masa, kuma Malam bai hana ni ba.

Aka kawo wani mai magani. Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa saiwoyi da ƙwayoyi da wani abu mai kama da ƙaro, aka zaunar da Malam a ƙasa aka lulluɓe shi da bargo shi da kaskon. Hayaƙi ya rinƙa fita ta gefen bargon. Muka ji yana tari, yana shure-shure, yana kiran sunana. Mai maganin ya ce a danne, ba shi ne ke magana ba, abin da ke jikinsa ne yake jin wuta. Maza biyu suka riƙe bargon. Da aka yaye ya fito idanu jajur, majina da hawaye sun haɗe, ya kife a kan kafet yana amai. Aka ce alhamdulillahi, an fara samun nasara. Haka aka yi ta yi duk Juma'a. Kwana shida yana shan hayaƙin masu kamfani, ran hutunsa kuma ya sha namu na masu ƙaunarsa.

Sai korona ta zo. A cikin kwana ɗaya kamfanin da ya ce takunkumi tsada gare shi ya cika mu da takunkumi, irin shuɗin nan na takarda, har da gargaɗin kora ga wanda aka gani bai sa ba. Wannan cutar tana iya bin iska ta shiga ofis, shi ya sa. 'Yan gaba suka koma aiki daga gida. Mu aka kulle mu a harabar, ba shiga ba fita, kuma feshi bai tsaya ba don akwai kayan wani otal da ba a gama ba. Ni ma da fita ta ƙare aka tura ni ciki ina riƙe musu ƙofofi. A lokacin ne na san abin da Malam ya shekara uku yana sha. Kafin azahar sai in ji harshena ya yi nauyi, ƙasa tana tafiya, ina dariya ba dalili.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi da bindigar feshi a hannunsa. Da a da ne, ruwa za a yayyafa masa a ba shi madara. Amma tsoron korona ya sa Mudir ya bugo waya daga gidansa ya ce a fitar da shi maza, kuma ni da muke kwana ɗaki ɗaya in bi shi.

Gwajin ya nuna ba korona ba ce. Likitar da ta gan shi 'yar Sudan ce, babbar mace mai ƙaramar murya. Ta faɗa masa sunayen abubuwa uku ta ce ya riƙe, ta ɗan yi masa wata hira, sannan ta ce ya maimaita. Ya kawo ɗaya. Ta ba shi takarda da biro ta ce ya zana agogo. Malamin lissafi ya zana da'ira, ya tara lambobin duka a gefe guda kamar tumaki a inuwa, ya tsaya yana kallonsu. Ya san ba daidai ba ne, amma ya rasa inda gyaran yake. Ya ɗago ya dube ni, kunya ta cika masa ido. Na juya na kalli bango.

Ta tambaye ni aikinsa da inda yake kwana, na gaya mata duka. Ta ce abin da ake shaƙa a irin wannan ɗaki ba a ƙirji yake tsayawa ba, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi ƙwaƙwalwa, ya yi ta cin ta a hankali, ga kuma hayaƙin motoci da ƙura a kai. Ta ce wani abin yakan dawo in mutum ya bar wurin, wani kuwa ya tafi ke nan, kuma a yadda ta ga Malam ba za ta yi mini alkawari ba. Na ce, "Amma likita, ana ba su madara kullum." Ta ajiye biron ta dube ni. Ta ce madara abinci ce, cikin ciki take zuwa, ba ruwanta da abin da ya shiga ta hanci. Sannan ta ce, "Su wane ne sauran da ke ɗakin?" Na lissafa mata ƙasashensu. Ta daɗe tana kallon baƙar fatar bayan hannunta.

Ta rubuta cewa lallai a fitar da shi daga ɗakin feshi. Kamfanin ya bi umarninta yadda ya fi masa sauƙi: aka ce tunda ba zai iya aikin da aka ɗauke shi dominsa ba, an soke bizarsa. Na je na roƙi Usta ko shara ce a ba shi a gaba, inda iska take da kyau. Ya ce mutumin da ke mantuwa ba zai yi aiki kusa da baƙi ba. Ya kaɗa kai kamar wanda aka cuta a ciniki, ya ce, "Wannan ba African na asali ba ne, mai rauni ne. Khalas," wato shi ke nan. A satin nan aka kawo wasu samari 'yan Gambiya, na hango shi yana bubbuga musu ƙirji suna murmushi. Na same su na gaya musu abin da likita ta ce. Ɗayansu ya ce ai ni na samu nawa ne shi ya sa nake so in kore su.

Sai da aka buɗe hanyoyin jirgi sannan Alhaji Idi ya haɗa masa tikiti, ya kuma samu wani ɗan kasuwa da zai karɓe shi a ciki ya kai shi har Yamai. Ni na raka shi filin jirgi da hantsi. Na ɗaure masa fasfo a wuya da igiya, na rubuta lambar Hadiza a bayan hannunsa. Ni kaina a lokacin na fara tsayawa a tsakiyar aiki ina tunanin wace waya na riga na haɗa, kuma har yau da na dawo gida abin bai sake ni duka ba. Amma nawa wasa ne.

Muna zaune muna jiran a kira su, yana ta kallon mutane. Ran nan kansa ya ɗan washe, yakan samu irin wannan sa'a jefi-jefi. Can ya kamo hannuna ya ce, "Luka, in tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah."

Na ce, "Ina jin ka, Malam."

"Mutane suna ta ce mini wai da ina da kai. Alhaji ya faɗi, Hadiza ta faɗi. Gaskiya ne, ko dai lallashina kuke yi?"

Na ce masa wallahi gaskiya ne, ban taɓa ganin mai kai irin nasa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Ya saurara da kyau, kamar ana ba shi labarin wani mutumin kirki da bai samu haɗuwa da shi ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka riƙe mini wancan Lawalin a ranka, ni ba ni iyawa. Manyan yaran sun ɗan san wancan. Ita ƙaramar, wannan kaɗai za ta sani."

Aka kira jirginsu. Wata ma'aikaciya ta zo ta kama masa jaka, na rungume shi, ƙasusuwa ne kawai cikin rigar. Ya bi ta har suka wuce shingen da ba a barin masu rakiya. Da ya kai can ciki sai ya tsaya ya waiwayo, ya ɗaga hannu zai yi bankwana. Na ɗaga nawa sama ina kaɗawa, ba kowa tsakanina da shi sai gilashi. Idonsa ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina, ya wuce. Ya ci gaba da nema har matar ta taɓa masa kafaɗa, ya sauke hannun ya bi ta.